Bindigar kurciya za ta iya farautar talo-talon daji, ko sai na sayi sabuwa?

Baban Hanif (Kolumbus, Ohayo):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga dajin ƙasar nan ta Amurka. Ina da bindiga Remington 870, geji 12 (ma'aunin faɗin bututu ke nan), bututunta inci 28, an kuma rubuta a jikinsa cewa tana cin harsashi mai inci 2¾ da mai inci 3. Da ita nake zuwa kurciya a watan Satumba, in sanyi ya shigo kuma zomo. To bana wani Bature abokin aikina ya ce zai kai ni gonar kakansa a kudu maso gabashin jihar nan idan an buɗe farautar talo-talo wajen ƙarshen Afrilu. Na leƙa wani shago in ji abin da zan ƙara mata, yaron shagon ko kallonta bai yi ba ya ce wai wannan ba ta talo-talo ba ce, ya jawo wata mai zanen ganye ya dire min. Da na ji kuɗin sai na ce masa zan dawo. Don Allah gaskiya ya faɗa, ko ciniki yake nema? Idan tawa za ta yi, me zan canza mata, me zan bari?

Alhaji Na-Jojiya:
Wa alaikumus salam Baban Hanif. Ciniki yake nema. Tun 1950 ake ƙera 870, kuma talo-talon da ta kashe a ƙasar nan Allah kaɗai ya san adadinsu, tun kafin a san wani zanen ganye a jikin bindiga. Abu ɗaya za ka fara dubawa. Ka cire harsashi, ka tabbatar babu komai a ciki, ka leƙa bakin bututun. Akwai cok, wato ɗan ƙarfen da ke matse bakin, mai zare da ake kwancewa, ko kuwa bakin a haɗe yake tun daga kamfani?

Baban Hanif:
Mai kwancewa ne Alhaji. Wanda ke ciki an rubuta masa Mod, shi ta zo da shi, ban taɓa canzawa ba.

Alhaji Na-Jojiya:
Shi ke nan, aikinka ya zo da sauƙi. Wannan na kurciya ne, an yi shi ne don ƙwaya ta baje ta tare tsuntsu a sama. Talo-talo kuwa a ƙasa ake harbinsa, yana tsaye, kuma ba jikinsa ake nema ba. Gashin fiffikensa da ƙirjinsa sulke ne, in ka buga masa a jiki sai ya ruga da raunin ya je ya mutu inda ba ka gani. Kai da wuya ake nema, wuri ɗan siriri. Saboda haka cok mai matse baki sosai za ka saya, wanda aka rubuta na talo-talo ne, mai zaren Rem Choke. Kada ka ɗauko na Mossberg don ka ga ya fi araha, zaren ba ɗaya ba ne.

Ɗan Fagge:
Ku tsaya ku tsaya. Wai talo-talon nan dai da muke kiwo a bayan gida, mai bin yara da gudu in sun sa jar riga? Shi ake wa wannan shiri haka kamar za a yaƙi? Baban Hanif turo kuɗin cok ɗin in sayo maka guda a kasuwa, a ɗaure, har da kai masa dawa.

Maman Ilham (Minesota):
Ɗan Fagge kenan. Na gidanku da na dajin nan asalinsu ɗaya ne, amma hali ya sha bamban. Na daji yana tashi sama, a kan bishiya yake kwana, in ya zura da gudu ba ka kamo shi. Ido gare shi na ban mamaki, yana bambance launi, kuma kana ɗan motsa hannu daga nesa ya gan ka ya juya. Namiji babba kan kai kilo 9 ko 10. Ka zo Afrilu mu zaunar da kai gindin bishiya da asuba, mu ga ko za ka iya minti 20 ba ka sosa ƙeya ba.

Ɗan Fagge:
Hajiya a aiko biza, sosa ƙeya ba matsala ba ce.

Injiniya (Misuri):
Bari in sa wa maganar Alhaji lambobi, don in ka je saye kada a ruɗa ka. Faɗin cikin bututun geji 12 inci .729 ne. Mod ɗinka ya rage kusan .020 a baki. Wanda ake ce wa Full ya rage wajen .030 zuwa .035. Na talo-talo kuwa bakinsu yakan sauko tsakanin .660 da .670, ka ga ragin ya kusa ninka na Full. A ma'aunin da aka saba, Mod yana zuba kusan kashi 60 na ƙwaya cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga yadi 40, Full kuma kusan kashi 70. Amma masu talo-talo ba su damu da da'irar inci 30 ba. Tasu inci 10 ce, kuma abin da aka fi yarda da shi shi ne ƙwaya 100 a cikinta. Duk nisan da bindigarka ta daina zuba 100 a wannan da'ira, nan ne iyakarka, ko me aka rubuta a bayan kwalin harsashi.

Sai dai kada ka ɗauka mafi matsewa shi ne mafi kyau. In ka tura manyan ƙwayoyin dalma ta baki mai matsi fiye da kima, sai su matse juna su lauye, su fita suna karkacewa. Za ka ga .665 ya fi .655 kyau a wata bindigar, a wata kuma akasin haka. Bindiga biyu 'yan kamfani ɗaya ma ba sa zuba ƙwaya iri ɗaya.

Shawarata: cok guda, harsashin TSS, wato mai ƙwayar ƙarfen tangstin, 'yar ƙaramar ƙwaya lamba 9, da saiti mai jan ɗigo. Ka gama.

Alhaji Na-Jojiya:
Na san za a zo nan. Injiniya, mutum ya gudo daga yaron shago kai kuma ka tare shi da wani lissafin.

Injiniya:
Alhaji ai lissafin ne ke magana, ba ni ba. Nauyin dalma kusan giram 11 ne a kowane kiyubik santimita, TSS kuwa 18, domin galibinsa tangstin ne. Shi ya sa 'yar ƙwaya lamba 9 ta TSS take huda kusan yadda dalma lamba 5 ke hudawa. To ga inda ribar take: oza ɗaya ta dalma lamba 5 ƙwaya 170 ce ko kusa, oza ɗaya ta TSS lamba 9 kuwa ta kai 360. A harsashi mai oza 1¾ kana maganar wajen 300 ne a wancan, sama da 600 a wannan. Tun da Federal suka fito da nasu a 2018 abin ya zama ruwan dare, har mutane na ajiye geji 12 suna komawa geji 20 da .410.

Alhaji Na-Jojiya:
Faɗa masa kuɗin kuma.

Injiniya:
E to, harsashi ɗaya yakan kai dala 10 ko ya wuce. Amma nawa zai harba a shekara? Ohayo tun 2022 namiji ɗaya aka yarda a kashe a bazara.

Alhaji Na-Jojiya:
A daji ɗaya zai harba, gaskiya ne. A filin gwaji fa? Kai ka ce masa bindiga biyu ba sa zuba iri ɗaya. Ke nan sai ya gwada, kuma wanda ya sayi harsashin dala 10 hannunsa rawa yake kafin ya ɓata shi a kan takarda. Sai ya harba guda ya ce ya isa, ko ma ya ƙi gwadawa ya dogara da hoton bayan kwali. Wannan shi ne abin da nake gani a wurin mutane. Ni dalma lamba 5 nake harbawa, Long Beard na Winchester, kuɗinsa bai kai rabin wancan ba, kuma a yadi 40 yana cika ƙa'idar da ka faɗa a bindigata.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Tun da harsashin nan ya fito, yara suka fara cika baki da yadi 60, yadi 70. Farautar talo-talo kira ce. Ka zauna, ka yi masa kukan mace, ya amsa daga can ƙasan kwari, ka yi shiru, ya taho yana baza wutsiya yana jan fiffike a ƙasa har ka ji ƙugin ƙirjinsa. In ya tsaya a yadi 60 ya ƙi ƙarasowa, ya ci ka ranar, ka tashi ka tafi gida. A nan Jojiya an rage mana daga uku zuwa biyu a 2022 saboda tsuntsun na raguwa, sannan a ce mutum ya riƙa watsa ƙwaya daga nesa yana raunata waɗanda ba zai ɗauka ba?

Injiniya:
Wannan laifin maharbi ne Alhaji, ba na harsashi ba. Ni ma ba na wuce yadi 45. Amfanin TSS a wurina shi ne in ido ya yaudare ni, na ɗauka 40 ne ashe 48 ne, tsuntsun zai faɗi nan take maimakon ya gudu da rauni. Inshora ce.

Alhaji Na-Jojiya:
Inshorar ita ce ka taka ƙafa ka auna kafin gari ya waye, ka kafa ɗan kara a yadi 35. Kyauta ne.

Maman Ilham:
Ku biyun nan kowace bazara sai kun yi wannan. Baban Hanif, ni geji 20 nake riƙewa da TSS, don haka a harsashi ina bayan Injiniya, amma dalilina kafaɗa ne. Na taɓa harba geji 12 ta maigidan da harsashin talo-talo ina zaune jingine da bishiya, bayan ba shi da inda zai ja, duk naushin a kafaɗa ya sauka. Kai da kake da geji 12 kuma ka saba da ita, dalma za ta yi maka. Abin da ba su gaya maka ba shi ne harsashin talo-talo ba irin na kurciya ba ne wajen duka. Ka sa wa ƙotar roba mai laushi ta zamani, ba ta da tsada. Mutum in ya fara tsoron bindigarsa sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama, kuma da cok mai matsi wannan kuskure ne kai tsaye.

Kuma ka kiyaye: taka inci 3 ce. In wani ya miƙo maka mai inci 3½ ya ce ya fi ƙarfi, ka ce ka gode. Ba a sa harsashin da ya fi abin da aka rubuta a bututu tsawo.

Baban Hanif:
Na gode ƙwarai Hajiya. To maganar saiti fa? Tawa ɗan ƙarfe ne guda a can baki, sai dogon layin nan mai huda-huda a saman bututu. Da shi nake harbin kurciya lafiya lau.

Injiniya:
Nan ne ma na fi dagewa, fiye da harsashi. A kurciya nuni kake yi, kana bin tsuntsu da baki, ƙwaya ta baje ta rufa maka asiri. Da cok ɗin talo-talo, a yadi 15 duk ƙwayar a dunƙule take, ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, ga kan tsuntsu yana ta motsi. Mafi yawan waɗanda ke kuskure a kusa suke yi, ba a nesa ba. Dalili kuwa ɗaya ne: mutum ya ɗaga kumatu daga ƙota don ya ƙare wa tsuntsun kallo, ɗan ƙarfen yana kan wuya a ganinsa, amma harbin ya wuce ta saman kai. Ɗan ƙarfe guda ba ya gaya maka ka ɗaga kai. Saiti mai gaba da baya yana gaya maka. Jan ɗigo kuma bai damu ba, inda ɗigon yake nan ƙwaya za ta.

Na biyu, ba kowace bindiga ke bugun inda ta nuna ba. Kana iya sa sabon cok ka ga tsakiyar ƙwayar ta koma hagu da inci 5 ko 6 a yadi 40. Da ɗan ƙarfe sai dai ka riƙa tuna cewa ka karkata dama, kuma wa zai tuna wannan lokacin da zuciya ke dukan uku-uku? Da saitin da ake juyawa sai ka murɗa ka kai shi inda ƙwayar take.

Alhaji Na-Jojiya:
A nan ban musa ba, sai dai jan ɗigon. Batir ne da shi, gilashi ne da shi, raɓa da yayyafi na sauka a kai. Kuma sai ya duba ko saman bindigarsa na da ramukan kusa. Mossberg 500 na yanzu da su take zuwa, amma 870 da yawa, musamman tsofaffi, babu. Ke nan ko dai ya kai wa maƙerin bindiga ya huda, ko ya sayi sirdin da ake ɗaurawa ta fil biyun nan na wajen kunama. Alhali akwai saiti mai zaren haske, kore a gaba ja a baya, da ake maƙalawa a kan layin nan mai huda-huda da ƙananan kusoshi. Ba a huda komai, ana juya shi sama da ƙasa, hagu da dama. Satumba na zuwa ya kwance abinsa, ya mayar da Mod, bindigar kurciyarsa ta dawo kamar ba a taɓa ba. Ai abin da ya tambaya ke nan tun farko, ba mayar da ita wata aba dabam ba.

Injiniya:
Na yarda wannan zai yi masa a shekarar farko. In ya kai shekarun Alhaji ido ya fara gardama, zai neme ni.

Alhaji Na-Jojiya:
Allah ya shirye ka.

Ɗalibi a Teksas:
Salam iyayena da yayyena. Ni ban taɓa farauta ba amma ina bin maganar. Tambaya biyu. Inci 28 bai yi tsawo ba a cikin kurmi? Na ga na talo-talo gajeru ne, ba za a iya rage shi ba? Sannan ni da nake bizar karatu, zan iya shiga wannan harka?

Shugaban Zaure:
Ɗalibi, bari in amsa wannan da kaina don kada a yi wasa da ita. Babu mai kai zarto kusa da bututu. Dokar tarayya tun 1934 ta sa iyaka: bututun irin wannan bindiga kada ya gaza inci 18, daga baya kuma aka ƙara cewa ita kanta gaba ɗaya kada ta gaza inci 26. Wanda ya sauka ƙasa da haka ba tare da rajista ba babban laifi ya yi, ga ɗauri, ga takardun zama sun lalace. Banda haka ma in ka yanke baki ka yanke zaren cok, ka kashe bindigar.

Maganar biza kuma, asalin dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi, irin ta karatu ko ziyara, riƙe bindiga ko harsashi. Akwai togiya ga wanda ke da lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta bayar. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai hau kansa ba. Amma jiha na da nata, makaranta ma na da nata game da ɗakunan kwana. Ka fara da kwas ɗin koyar da mafarauta na jiharku, ka samu lasisi, ka kuma tambayi lauyan shige da fice kafin ka taɓa komai. Kada ka ce a zaure aka ce maka.

Alhaji Na-Jojiya:
Madalla da Shugaba. Tsawon kuwa ba ya hana komai. Gajeren bututu, inci 21 zuwa 24, daɗin juyawa kawai gare shi in kana zaune cikin sarƙaƙiya. Matsin ƙwaya daga cok yake. Wanda ya matsu, bututun 870 ana sayar da shi dabam, murfin gaba kawai za ka kwance ka zare wannan ka zura wancan. Amma ni ban ga dalilin kashe wannan kuɗi ba. Kafin ka zauna ka karya 'yan rassan da ke gabanka, ka gwada juya bakin hagu da dama, shi ke nan.

Baban Hanif:
To zanen ganyen fa? Tawa baƙa ce, ƙotar katako, ba ta cika ƙyalli ba.

Maman Ilham:
In ba ta ƙyalli bar ta. Motsi yake gani kafin launi. In kana so, akwai tef mai zanen ganye da ake naɗawa, amma ka cire shi da zarar an rufe farauta, ko duk ranar da ruwa ya dake ka, don laima na kwanciya a ƙarƙashinsa tsatsa ta ci ƙarfen ba ka sani ba. Abin da ya fi tef amfani maɗauri ne na rataya a kafaɗa, domin za ka yi tafiya cikin duhu da kaya a hannu. Fuskarka da hannuwanka su za ka rufe.

Kuma tunda an zo maganar launi: ja, fari da shuɗi, kada ko ɗaya ya fito a jikinka. Launin kan namijin ke nan. Farar singileti da ke leƙowa ta wuya, jar hula, farin hankici, safa mai shuɗi in wando ya ɗage, duk ka bar su a gida. Ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. In ka ga wani maharbi na tahowa kada ka ɗaga masa hannu, ka yi magana da ƙarfi da muryar mutum. Kada kuma ka riƙa sanɗar kukan da ka ji, sau da yawa wani ne zaune yake kira. A Fensilbeniya ma doka ce a bazara, kira kawai aka yarda, ba sanɗa.

Injiniya:
Hajiya ta iya bayani, ai dole, talo-talonsu jikokin namu ne. Guda 29 aka kamo daga Misuri tsakanin 1971 da 1973 aka sake musu a kudu maso gabashin Minesota.

Maman Ilham:
Mun gode, sun kuma fi naku jure sanyi.

Alhaji Na-Jojiya:
Ai kusan duk ƙasar haka aka yi. Ohayo ɗin da Baban Hanif zai shiga, a 1904 talo-talon daji ya ƙare ƙaf, sai a shekarun 1950 aka dawo da shi, aka sake buɗe farauta a 1966. Da farko na ƙyanƙyasar gida aka riƙa saki suna mutuwa, sai da aka koyi kama na daji da ragar da ake harbawa. Kuɗin aikin kuma daga aljihun mafarauta ya fito, ta lasisi da harajin kashi 11 na kan dogayen bindigogi da harsashi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa kula da namun daji. Harsashin Injiniya dai ya fi nawa biyan haraji, wannan na ba shi.

Ɗan Fagge:
Ni tambayata ɗaya ce. Kun ce a kai ake harbi. Tsuntsun da aka fasa wa kai da dalma kafin a sa masa wuƙa, ba mushe ba ne? Ina Malam?

Malam na Buronks:
Ga ni Ɗan Fagge, ina karantawa. Tambayar a wurinta take. Asalin babin hadisin Adiyyu ɗan Hatim ne da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sandar farauta mai tsini. Ma'anar amsar ita ce abin da tsinin ya huda a ci, abin da ta buge da faɗinta ya mutu kada a ci, domin bugagge ne. Shi ya sa malaman farko suka hana abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu, don shi duka yake ba huda ba. Da bindiga ta zo an yi saɓani, amma malaman Malikiyya na baya, musamman na Fas, suka halatta, saboda dalma hudawa take ta zubar da jini, kuma a kan haka mafi yawan fatawa take a yau.

Sharuɗɗan su ne ka yi niyyar farauta, ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka danna kunama, ba bayan ya faɗi ba. In ka iske shi da sauran rai tabbatacce, harbin bai taɓa makasa ba, dole ka yanka, in ka yi sakaci har ya mutu ba ya ciwuwa. In ka iske harbin ya riga ya gama da shi, ya halatta, sa wuƙar kuma abin so ne. Saboda haka wuƙa mai kaifi ta kasance a inda hannu zai kai, ba can ƙasan jaka ba. Wannan kuma ga na daji ne. Naka na bayan gida, Ɗan Fagge, in ka harbe shi ka yi asara, Risala ta faɗa ƙarara cewa dabbar gida ba ta halatta da abin da ke halatta ta farauta. Wallahu a'alamu.

Alhaji Na-Jojiya:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. In ƙara da abin da ido ya gani: ko an same shi daidai sai ya yi ta bugun ƙasa da fiffike, haka halittarsa take. Kada ka tashi a guje da bindiga a buɗe. Mayar da makullin kunama tukuna, na 870 yana nan bayan kunamar, sannan ka je. Ka taka ƙafafunsa kafin ka kai hannu, don ƙaimin da ke bayan ƙafar babban namiji yana tsaga tafin hannu. Kuma wurin saiti ba tsakiyar kai ba ne, ka ɗora a wuya inda fata ta haɗu da gashi, ƙwayar sama ta ɗauki kai ta ƙasa ta ɗauki wuya. In yana baje da wutsiya kansa a maƙale da jiki, jira, ko ka ɗan yi ƙara ya miƙe wuya.

Baban Hanif:
Jazakumullahu khairan. Na sayi cok .665 da saitin maƙalawa da robar ƙota, da kwalin dalma lamba 5 mai inci 3. Injiniya ka yi haƙuri, aljihu ne. Yaya zan tsara gwajin?

Injiniya:
Ba komai, bindigarka ce za ta yanke hukunci. Ka wanke bututun tas. Ka shafa ɗan maiƙo a zaren cok ka ɗaure da makullinsa, ka riƙa dubawa don yana kwancewa da harbi, kada kuma ka taɓa harbawa babu cok a ciki. Nemi babbar takarda, aƙalla ƙafa 3 kowane gefe, irin ta naɗe kaya. Ƙaramar takarda mai hoton kan talo-talo yaudara ce, ba za ta nuna maka inda sauran ƙwayar ta tafi ba. Fara da harsashin kurciya mai araha a yadi 15 zuwa 20, a zaune, bindiga a kan abin ɗorawa, ka juya saiti har ramin ya hau ɗigon da ka zana. Sannan ka ja baya zuwa yadi 40 ka sa na talo-talon. Da'irar inci 10 a inda ƙwaya ta fi taruwa za ka zana ta, ba a kan ɗigon ba, sai ka ga tazarar da ke tsakaninsu ka gyara. Ka ƙirga da alƙalami kana yi wa kowane rami alama. Ka duba kuma ko akwai fili a tsakiya da kan tsuntsu zai iya shigewa. Kada ka yanke hukunci da harbi ɗaya. Daga ƙarshe ka harba a yadi 15 da na talo-talon, ka ga ƙanƙantarsa da idonka. Toshe kunne da tabarau kada a manta.

Baban Hanif:
Salam, na dawo daga filin gwaji. Da farko tana bugun hagu da ɗan sama, na juya saitin ya hau. A yadi 30 takardar ta yi kaca-kaca, a 35 ta haura ɗari ba wahala. A yadi 40 kuwa wani harbin ya haura, wani ya gaza kaɗan, ɗaya ma da fili a gefen dama. Na yadi 15 ya ba ni tsoro, rami guda ne kawai. Kafaɗa kuma tana gaishe da Hajiya.

Alhaji Na-Jojiya:
To bindigarka ta yadi 35 ce, ka kafa karanka a nan. Ya ishe ka.

Injiniya:
Ko kuma ya gwada lamba 6 kafin ya sallama. Oza ɗaya ƙwaya 225 ce maimakon 170, kuma har yadi 40 tana hudawa. Sau da yawa filin nan da ya gani rufewa yake. Ina da ragowar TSS ma, in mun haɗu a taron sallah in ba ka biyu ka gwada, amma ka duba takardar cok ɗin tukuna ko an yarda a harba tangstin ta cikinsa.

Shugaban Zaure:
Baban Hanif, kafin ranar ka karanta ɗan littafin dokokin Ohayo na bana da kanka. Bayan lasisi akwai takardar izinin talo-talo dabam, mai gemu a ƙirji kawai ake harbi a bazara, an hana zuba hatsi, an hana na'urar kira mai batir, an hana harbinsa a kan bishiya, kuma in ka samu sai ka yi masa rajista. Ka karɓi izinin mai gonar a rubuce.

Baban Hanif:
In sha Allahu. Zan nemo lamba 6 ɗin ranar Asabar. Saura kira, abokin nawa ya ba ni wani ɗan akwatin katako mai murfi, na gwada a falo maman yara ta ce in fita da shi gareji. Alhaji ko za ka turo murya in ji yadda ya kamata ya yi?

Alhaji Na-Jojiya:
Bayan isha'i zan turo. Kafin nan ka goga wa ƙasan murfin alli, kada ka sa masa mai, kada kuma ka riƙa taɓa wurin da yatsa.